Kai da Ƙafa a Takarda Ɗaya

Duk malamin zane ya san irin wannan ɗalibi: zai fara da ido, ya ƙawata hanci, ya gangaro kafaɗa, kafin ya kai gwiwa takarda ta ƙare. Ga mutum tsaye a gabansa cikakke, amma a zane ba shi da ƙafa. Fulorens ta Italiya da New York ta Amurka kowacce da nata magani, kuma sun yi hannun riga.

A Florence Academy of Art, wadda Daniel Graves ya kafa a 1991, awo ne gaba da komai. Ana kafa allon zane tsakanin ɗalibi da wanda ake zanawa, ɗalibi ya ja da baya 'yan taku, ya yi alama a ƙasa inda zai riƙa tsayawa. Daga nan kaɗai yake dubawa, riƙe da zare mai nauyi a ƙarshe, irin wanda magina ke gwada bango da shi. Ya je ya ɗiga alamar tsakar kai, ya dawo, ya sake zuwa ya ɗiga ta tafin ƙafa. Sai iyakokin nan sun zauna ake taɓa fuska. Tsayuwa guda ta wanda ake zanawa takan ci makonni.

Kimon Nicolaïdes kuwa, wanda ya koyar a Art Students League ta New York, gaggawa ya ɗora wa ɗalibansa. Tsarinsa, wanda aka buga a littafin The Natural Way to Draw a 1941 bayan rasuwarsa, yana ba mai zane minti guda ko ƙasa da haka ya kama motsin jiki gaba ɗaya, fensir bai ɗagu daga takarda ba.

Wajen daidaito, Fulorens ta yi zarra. Amma akwai abin da ba ta cika koyarwa ba. Inda aka kafa allo da inda ɗalibi ya tsaya su ke yanke girman hoton, shi ya sa mutanen da ɗalibanta ke zanawa sukan tsaya cak a tsakiya. Ɗalibin New York a zama ɗaya zai yanke shawara sau da dama: ya matsa da mutumin gefe ne, ko ya bar fili a inda yake fuskanta? Zai ɓata takardu masu yawa, amma takardar mai araha ce, kuma idonsa na koyon ganin gefunan shafi huɗu tun kafin fensir ya sauka.