Kafin a Aike Ka, Sai Ka Zauna

Wannan makon kalma ɗaya muke so mu tsaya a kanta, kalmar da duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya sani tun yana goye, wato almajiri. Mun san cewa a cikinmu akwai Musulmi akwai Kirista, alƙalami ne ya haɗa mu. Mu dai daga ɓangaren masu bin Almasihu muke magana, amma muna fata kowa zai sami abin ɗauka, ko da ta fuskar harshe ce kawai.

Wanda bai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa ba yakan yi mamaki idan ya ji cewa da wannan kalmar ake kiran Bitrus da Andarawas da Yakubu da sauran waɗanda suka bi Yesu. Almajirai ne, kuma abin da suke yi almajiranci ne. Sunan nan Kirista da muke amsawa yau sau 3 kacal ya fito a Sabon Alkawari, kuma a Antakiya aka fara kiran masu bi da shi, bayan an daɗe da fara tafiyar. Kalmar almajiri kuwa ta fito fiye da sau 250 a cikin Bishara huɗu da Ayyukan Manzanni. Idan yawan ambato ne ma'auni, to sunanmu na asali almajirai.

Ba jiya aka fara sa wa Littafin rigar Hausa ba. Tun a shekarun 1850 wani Bajamushe mai suna Schön ya fara fassara sassansa, yana koyon harshen daga bakin Dorugu, saurayin nan da matafiyi Barth ya tafi da shi Turai. Daga baya Likita Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna a Zariya kafin mishan ɗin ya koma Wusasa, ya shafe shekaru a kan aikin tare da Hausawan da suka yi karatu a hannunsa da wasu masu mishan, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932. An yi sabuwar fassara a 1979, an kuma yi wasu bayanta. Sunaye sun canja, wani bugun ya ce Yohanna wani ya ce Yahaya, wani ya ce Kristi wani ya ce Almasihu. Almajiri kuwa yana nan inda yake.

A ganinmu masu fassarar sun dace. Kalmar daga Larabci ta fito, daga wanda ya yi hijira, ya bar gida don neman abin da ya fi gida. Yau idan an ambace ta, hankalin mutane yakan tafi ga yaro da roba a hannu a bakin tasha, kuma wannan ciwo ne da ya cancanci rubutu na kansa. Amma ku ajiye bara gefe ku leƙa cikin tsangaya ku ga abin da kalmar take nufi a wurin masu ita. Almajiri yana da malami guda da yake zaune a gabansa. Yana da allo da aka rubuta masa darasin yau, ba na gobe ba. Zai yi ta maimaita shi da safe da yamma, da dare a gefen wuta, kuma ba zai wanke allon ba sai ya biya wa malam, malam ya gamsu. Ba ya tsallake shafi don ya fi son wani. Ban da karatu, yana kallon yadda malam yake gaisawa da mutane, yadda yake karɓar baƙo, yadda yake haɗiye fushi. Mu da muka tashi muna jin sautin karatun nan ta kan katanga, bai kamata a sha wahalar bayyana mana ma'anar almajiranci ba.

Markus, a sura ta 3, ya faɗi dalilai biyu da suka sa Yesu ya zaɓi sha biyun nan, kuma jerin da ya bi yana da muhimmanci. Na farko su zauna tare da shi. Na biyu ya aike su wa'azi. Aiken bai zo ba sai a sura ta 6. Tsakanin nan suna biye da shi ne, suna ji, suna tambaya, wani lokaci suna kasa ganewa yana sake yi musu bayani a keɓe. Yau ba mu da shi a jiki da za mu bi shi gefen tekun Galili. Abin da muke da shi na zama a gabansa shi ne Littafin da addu'a, kuma zaman nan na kullum ne, kamar darasin allo.

A nan ne muke ganin matsala a tsakanin matasan ikilisiya. Da yawa suna son aike, ba sa son zama. Kafin gari ya waye waya ta cika da ayoyi a kan hoton fure ko faɗuwar rana, an turo wa mutum shi ma ya tura wa ashirin, an rubuta a ƙasa cewa duk wanda ya ce amin zai ga buɗi kafin Juma'a. Ka tambayi mai turawa wa ya faɗi maganar, wa aka faɗa wa, me ya zo kafinta, sai ya yi shiru. Ayar da aka fi jin daɗin turawa daga Filibiyawa 4, wadda take maganar iya kome ta wurin mai ƙarfafa mu, Bulus ya rubuta ta ne yana tsare, kuma ayoyin da suka gabace ta suna maganar yadda ya koyi zama da yunwa da ƙoshi, da rashi da samu. Wanda ya karanta surar daga farko ba zai liƙa ta a kan hoton mota ba.

Lissafin karatun kansa ba shi da tsoratarwa. Littattafai 66 ne, surori 1,189. Mai karanta uku ko huɗu a yini zai sauke cikin shekara. Sabon Alkawari surori 260 ne, sura ɗaya kullum ba za ta kai mutum wata tara ba. Markus 16 ne kawai, Karin Magana 31, daidai da kwanakin wata. Amma mu ba saukewa muke ba wa muhimmanci ba. Gara mutum ya ɗauki littafi guda ya bi shi daga farko, rabin sura ma ta isa, ya tsaya ya tambayi kansa abin da wannan yake nema daga gare shi yau a shago ko a aji ko a bakin famfo. Littattafan ibada na kullum irin su Abincin Yini suna da amfani, sun riƙe gidaje da yawa a kan ibadar safe, sai dai ƙofa ne. Wanda ya karanta sharhin ya rufe, bai buɗe nassin da aka nuna masa ba, a zaure ya tsaya.

Muna kuma roƙon 'yan uwa su riƙa karantawa da Hausa, da murya. Mun san a makarantun gaba da sakandare Turanci ya mamaye zumuntar ɗalibai, har wasu suna jin kunyar a gan su da na Hausa, kamar na kakanni ne a ƙauye. To amma da wane harshe za ka yi magana da mai shayin unguwarku? Wanda ya haddace bangaskiyarsa da Turanci yakan tsaya yana lalube idan aka tambaye shi da Hausa me ake nufi da alheri, ko fansa, ko tuba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To me zaman nan yake koya wa mutum game da kai bishara? Abu na farko da mai bin Littafin a jere zai lura da shi shi ne yawan tambayoyi da yawan saurare. A Yahaya 4, a bakin rijiyar Samariya, Yesu ne ya fara roƙon ruwa a hannun matar da mutanensa ba sa shan ruwa a ƙoƙon mutanenta. Ya shiga zancen a matsayin mai buƙata. A Luka 10, da ya aiki almajirai biyu biyu, umarnin da ya ba su ya fi kama da ladabin baƙunci: su yi sallama, su zauna a gidan da ya karɓe su, su ci abin da aka kawo musu, idan an ƙi su su wuce.

Labarin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na Filibus a Ayyukan Manzanni 8. Hanya ce ta hamada daga Urushalima zuwa Gaza. Wani babban mutum, ma'ajin sarauniyar Habasha, yana komawa gida a karusarsa yana karanta annabi Ishaya da murya. Ku lura da abin da Filibus ya yi bi da bi. Ya matsa kusa. Ya saurara har ya gane inda mutumin yake karantawa. Ya tambaye shi ko yana fahimta. Bai hau karusar ba sai da aka gayyace shi. Da ya hau, zama ya yi a gefensa, ya bari mutumin ya kawo tambayar da take damunsa, wato ko annabin kansa yake nufi ko wani. Sa'an nan ya fara bayani daga wannan nassin da ke buɗe a cinyar mutumin. Bai zo da darasin da ya shirya daga gida ba.

Yanzu mu tambayi kanmu, da a ce Filibus bai san Ishaya ba fa? Babu wanda ya gaya masa da safe cewa yau sura ta 53 za a tambaye shi. Abin da ya daɗe yana karantawa a ranakun da babu wani ma'aji a hanya shi ne ya fito a ranar da aka buƙace shi. Kuma ko baftismar, mutumin ne da kansa ya ga ruwa ya nema. Bayan haka aka raba su, Bahabashen ya ci gaba da tafiyarsa da murna, bai ƙara ganin Filibus ba. Babu rajista, babu hoto, babu rahoton adadi.

Wannan yana da nauyi a wurinmu fiye da wanda yake zaune a ƙasar da addini ba ya ta da ƙura. Maƙwabtanmu masu addini ne, suna da Littafinsu da malamansu, kiran sallarsu ne ma yake tashin da yawa daga cikinmu zuwa ibadar asuba. Mun ga abin da kalma ɗaya ta rashin ladabi take jawowa a garuruwanmu. Duk da haka za ka ga saurayi a Facebook yana zagin abin da wasu suke girmamawa, yana kiran wannan bishara. Bitrus a wasiƙarsa ta fari, sura ta 3, ya ce mai bi ya zauna a shirye ya ba da amsa ga wanda ya tambaye shi dalilin begensa, ya kuma sa sharaɗi cewa a yi shi da tawali'u da girmamawa. Ana ba da amsa ne idan an yi tambaya, kuma ba a tambayar mutum dalilin begensa sai an ga begen a jikinsa: a mudun da bai tauye ba, a bashin da ya biya ran da ya ce, a zuwansa gaisuwar mutuwa a gidan da ba na addininsa ba. Mai gardama yana iya cin gardama ya rasa maƙwabci. Haka kuma wanda yake jan mutum da buhun shinkafa ko alkawarin aiki, ba mu ga inda ya samo wannan a Littafin ba. A Yahaya 6 Yesu da kansa ya tsawata wa taron da suka biyo shi saboda gurasa, kuma da wasu suka juya baya bai bi su da lallashi ba.

Kada wani ya ɗauka muna cewa a yi shiru ne. Almajirin da ya zauna shekara da shekaru bai taɓa buɗe baki ba, shi ma rabin dalilin kiransa ya riƙe. Iyayenmu da suka shiga Sabon Rai Don Kowa tun daga shekarun 1960 manoma ne da 'yan kasuwa da matan aure, ba masu digirin tauhidi ba. Sukan taru ƙungiya ƙungiya a gidaje su yi addu'a su yi nazari, sa'an nan su fita ƙauyuka. Zumuntar Mata har gobe ita ce take fara isa gidan haihuwa da gidan makoki, kuma maganar da suke faɗa a can tana shiga don an san ƙafarsu. Andarawas ma bai yi nisa ba, ɗan'uwansa Siman ya fara nema.

Mu marubuta akwai rabonmu a nan. Gajerun labaran da matasa Kirista suke rubutawa da Hausa ba su da yawa, kuma kaɗan ɗin da ake gani sau da yawa wa'azi ne aka sa masa sunayen mutane: mugu ya yi mugunta shafi huɗu, a na biyar ya tuba, fasto ya rufe da jawabi. Malamin da muke cewa muna bi ba haka yake ba da labari ba. A Luka 15 ya bar babban ɗan nan tsaye a waje yana fushi, uban yana roƙonsa, labarin ya ƙare ba a gaya mana ko ya shiga gidan bikin ba. Mai sauraro ne aka bar wa ƙarshen. Irin wannan amincewa da mai karatu ba a koyonta daga aya ɗaya a kan hoton fure.

Wasu daga cikinmu za mu fara Markus ranar Litinin, sura ɗaya kowace safiya, kwana 16, da Hausa. Kowa zai riƙe ɗan littafin rubutu ya ajiye tambaya ɗaya da surar ta bar masa. Wanda yake so ya shiga bismillah, har da 'yan uwanmu Musulmi da suke son su ga yadda aka sarrafa Hausa a fassarar. Mai tsohon bugu ya zo da shi, mai sabo ma haka, za mu so mu jera su mu ga inda suka bambanta.