Kalmar da Ta Kusan Kashe Mu da Ƙishirwa a Dutsen Bagzan

Abokina ne ya kawo shawarar. Tun bayan da aka gano zinariya a Tchibarakaten a 2014 yake can kusa da iyakar Aljeriya, yana shiga rami da safe, yana fitowa da dare. Ya ce ya gaji da cikin ƙasa, yana son ya ga samanta. Muka haɗu a Arlit mu huɗu, muka gangara Agadas, daga nan sai Tabelot, gindin Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, babu wadda ta fi ta tsawo a Nijar.

Na tafi da girman kai irin na ɗalibin kimiyyar harshe. Hausa ce harshen ciniki a ramukan zinariya da kasuwar Arlit, kuma tarihin baka ya ce daga Azbin Gobirawa suka fito, don haka na ɗauka gida na zo. Kwana biyu muna hawa bayan jakuna, ina ta cika littafi da kalmomin Tamajak daga bakin jagoranmu, wani dattijo Ba'azbine. Har dariya na yi da na ji sunan ruwa a wurinsu “aman”, abin da kunnen Bahaushe ba zai so a randa ba.

Rana ta uku ruwanmu ya ƙare. Baba ya tsaya gyara kayan jaki, ya nuna mana wani kwari, ya ce akwai “agelmam” a gaba. Na duba littafina, na ga na fassara ta da “tafki”. Muka yi ta tafiya muna neman fili mai sheƙi da ciyawa a gefe, har harshe ya manne a ganɗa, ƙaraminmu ya fara ganin jiri.

Da la'asar sakaliya ya cim mana. Bai yi faɗa ba. Ya koma da mu baya, ya durƙusa a wata tsaga tsakanin duwatsu biyu da muka wuce tun hantsi. Ruwan sama ne kwance cikin inuwa, baƙi ƙirin, mai sanyin ƙanƙara.

“Baba, ai wannan ba tafki ba ne.”

“Kai ka ce tafki, ɗana,” in ji shi, yana cika salka.

Daren nan na soke fassarar. Har yau gurbin yana nan fari a littafin.