Dabbar da Ke Aiki da Abin da Ta Ji

Akwai wata dabba a Kanada da Amurka da wasu ƙasashen Turai, Faransawa na ce mata kastor, masu jin Ingilishi kuma biba. Dangin ɓera ce, amma babbarta kan kai kilo 20 zuwa 30. Haƙoranta na gaba ja-ja ne kamar na mai cin goro, saboda sinadarin ƙarfe da ke cikinsu, kuma ba sa daina tsiro har ta mutu. Da su take kayar da itace. Wutsiyarta faffaɗa ce kamar filafilin kwale-kwale. In ta hango haɗari sai ta maka ta a kan ruwa, ƴan uwanta su ji su nutse.

Sana'arta tare ruwa. Takan datse rafi da rassa da taɓo da duwatsu har ya zama tafki, ta gina ɗakinta a ciki, ƙofar tana ƙarƙashin ruwa inda kyarkeci ba ya isa. A 2007, hoton tauraron ɗan Adam ya nuna wata madatsa tasu a gandun dajin Wood Buffalo na Kanada, tsawonta kusan mita 800.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne gwajin Lars Wilsson, wani masani ɗan ƙasar Suwidin, a shekarun 1960. Ya naɗi ƙarar ruwa mai gudu, ya kunna musu a lasifika. Sai suka yi ta jibga wa lasifikar itace da taɓo, alhali babu ko ɗigon ruwa da ke yoyo a wurin.

Ni ma a gaban makirufo nake neman abincina. Mai saurarona ba dabba ba ne, yana da hankalinsa, sai dai ba ya ganin abin da nake faɗa, amana kawai ya ba ni. In na ce gero zai yi tsada, wani zai sayar da akuyarsa ya sayi buhu. In na ce kogi ya cika, wata za ta kwashe yaranta cikin dare.

Kullum saƙonnin murya na shigo mana ta WhatsApp, kowa na rantsuwa ya gani da idonsa. Kafin in sa ko ɗaya a iska, sai na kira mutum biyu a garin da aka ambata. In ba su ɗauka ba, labarin ya kwana.