Kifi a Ƙasar Lautai: Kafin Ki Zuba Kuɗin Adashenki a Ruwa

Uwargida, in kin taɓa hawa motar Gumel daga Kano, kin san inda ƙasa take sauya kama. Har zuwa Gujungu akwai sauran danshi a ido, don kogin Haɗeja bai yi nisa ba. Da direba ya karkata arewa ya nufi Gagarawa, sai jar ƙasa da laka su ba wa rairayi wuri. Gero ne da wake da riɗi da zoɓo iya ganinki, ga layukan darbejiya da aka dasa don tare iskar hamada. Ki tsallake titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru a Gagarawa, ki wuce Gumel, ki dangana da Maigatari a bakin iyakar Nijar, ko ki yi yamma zuwa Sule Tankarkar, ba za ki haye kogi ko ɗaya mai gudu rani da damina ba. Ƙananan hukumomi huɗu ke nan na masarautar Gumel, kuma ruwansu na rijiya ne da burtsatse da kududdufan da damina ke bari.

A wannan ƙasar ce bidiyon kiwon kifi yake shigo wa mata ta waya. Wata a Facebook tana nuna akwatin gilashi a falo, ƙananan kifaye masu launi suna kai da komo, tana cewa suna haihuwa tana sayarwa. Wata tana nuna tamfol cike da tarwaɗa a bayan ɗaki, tana lissafin riba da baki. Idan kwasar adashenki ta kusa, dole zuciya ta ɗarsa.

Mu fara da na adon, tunda shi ya fi ɗaukar ido, shi yara kuma suke kuka a saya musu. Mafi sauƙin kiwo a cikinsu shi ne wani ɗan mitsitsi da ake kira gupi, wanda bai kai tsawon ɗan yatsanki ba. Ba ya yin ƙwai kamar sauran kifaye, 'ya'ya yake haifa rayayyu, kusan kowane wata, ashirin ko talatin ko fiye a ciki guda. In bai yi cunkoso ba, yana rayuwa a baho mai faɗi da ɗan ciyawar ruwa ba tare da injin hura iska ba, abin da ke da muhimmanci a garin da wuta sai ta ga dama. Yana kuma cinye tsutsar sauro. Aibinsa shi ne uwar tana haɗiye 'ya'yanta in ba ki raba su ba, ko ba ki sa musu ciyawar da za su ɓuya ba. Jan kifin nan mai ruwan zinare da ake gani a otal-otal ya fi shi wuyar sha'ani: yana ɓata ruwa da sauri, yana son fili, samun 'ya'yansa kuma sai wanda ya ƙware.

Haihuwa kam za su yi. Tambayar ita ce wa zai saya. Ki tsaya a tsakiyar Gumel ki ƙirga da yatsu: wataƙila malaman Kwalejin Ilimi, wataƙila makarantar yara mai zaman kanta da ke son abin nuna wa ɗalibai, wataƙila amaryar da ta ga irinsa a Kano ta ce sai an sa mata a kayan ɗaki. Wanda ya sayi mace da namiji a hannunki, bayan wata uku shi ma yana neman wanda zai ba kyauta. A ganina, kifin ado a wannan yanki iyakarsa ya biya kuɗin abincinsa, ya hana yara yawon rana, ya koya musu kula da rai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma jarinsa kada ya wuce kuɗin baho biyu. Masu cin ribarsa ta gaske suna inda akwai jirgin sama da masu saye a ƙetare, irin su Singafo, da kuma 'yan kasuwar Legas da ke fitar da kifayen kogunanmu zuwa Turai.

Wani abu zai ba ki mamaki. Akwai ɗan kifin ado da masu sha'awar abin a Turai suke nema, wanda sunansa na kimiyya ya ƙare da kiyawensis, saboda a kogin Kiyawa aka samo shi, wani masani Bajamushe ya rubuta bayaninsa a 1928. Jinsinsa na kududdufi ne. Yana girma cikin damina guda, ya binne ƙwansa a laka, ruwa ya ƙafe ya mutu, ƙwan kuma ya kwanta a busasshiyar ƙasa har ruwan baɗi. Masu kiwon irin waɗannan kifaye a can suna aika wa juna ƙwan a cikin ɗan ƙunshin ƙasa mai danshi ta gidan waya. Gaiwa ma kin san halinta, yadda take shigewa cikin laka ta yi rani a kwance. Kifin da ya saba da ƙasa irin tamu da dabarar jure rashin ruwa yake rayuwa. Wanda za ki zuba a tamfol ba shi da wannan dabara, ke ce kududdufinsa, ke ce daminarsa.

To, mu koma kan tarwaɗa, wadda ita ce ake kiwo don kuɗi. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwonta, kuma duk da haka kifin da ake samarwa a ƙasar bai kai rabin wanda ake buƙata ba, shi ya sa kifin ƙanƙara na ƙasashen waje ya cika kasuwanni. Tarwaɗa tana da wani sashe a kanta da take shaƙar iska kai tsaye, don haka tana jure cunkoso da ruwan da karfasa ba za ta kwana a ciki ba. Cikin wata huɗu zuwa shida, in abinci ya wadata, tana kai kilo guda.

Ɗauko biro mu yi lissafin 'ya'yan kifi 200, wanda shi ne daidai ƙarfin mai farawa. Kowane kilo na nama yana cin kilo guda na abinci mai kyau ko ɗan fiye. Ke nan kina buƙatar kilo 200 zuwa 240. Buhun abincin kifi kilo 15 ne, wato buhu 14 zuwa 16. Ki kira mai sayarwa yau ki ji farashin buhu, ki ninka, ki ɗora kuɗin mota daga Kano ko Haɗeja. Abinci shi ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na duk abin da za ki kashe, kuma yawancinsa a wata biyun ƙarshe ne, lokacin da kifin ya girma, bakinsa ya buɗe. Nan mata da yawa suke karyewa. An sayi tamfol, an sayi 'ya'ya, an ciyar wata biyu da murna, sai kuɗi ya ƙare daidai lokacin da cin ya ninka. A koma ba su dusa da ragowar tuwo, girma ya tsaya, manyan su fara haɗiye ƙananan. Ko da abinci ya wadata ma, sai kin riƙa tace su duk mako biyu a farkon kiwo, kina ware waɗanda suka yi wa 'yan'uwansu fintinkau, in ba haka ba ki zuba 200 ki kwashe 120.

Wannan lissafin ɗaya yake da na matar Ibadan ko ta Kaduna. Inda naki ya bambanta shi ne ruwa. Kifi 200 suna son tamfol mai cin lita 2,000 ko fiye. Da sun tasa, sai kin zubar da rabin ruwan kin sa sabo kusan duk kwana biyu, in ba haka ba kashinsu da ragowar abinci su mayar da shi guba, wari kuma ya kai ki ƙara wajen maƙwabta. Lita 1,000 jarka 40 ke nan ta lita 25. A wata biyar, sauyi 75, jarka 3,000. Ki tambayi mai kurar unguwarku nawa yake sayar da jarka a watan Afrilu, lokacin da layin famfo ya kai bakin titi, ki ninka da 3,000. A ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa, inda wani wurin sai an haɗa guga da doguwar igiya ana ja da shanu ko raƙumi, lissafin ba ya ma tashi. Idan gidanku ba shi da burtsatse, ko ba ku jingine da mai sola wanda zai ba ki ruwa a kan yarjejeniyar wata, shawarata ki bar tarwaɗa ta zauna a bidiyo, ki sayi tunkiya.

Idan kuwa ruwan yana nan, to kada ki bar wanda kika zubar ya bi lambatu. Taki ne. Ki ja shi zuwa gindin zogale, ki yi ɗan fangali na alayyafo da yakuwa da tattasai. A garin da ganye yake tsada da rani, wani lokaci abin da lambun zai rage miki na kuɗin cefane ya fi abin da kifin zai bari bayan an cire jari. Ki kuma rufe bakin tamfol da raga mai ƙarfi, ki yi masa shinge. Yaro mai rarrafe ba ya buƙatar ruwa mai zurfi kafin a yi kuka, Allah Ya kiyaye.

Lokacin zubawa ma ba na wasa ba ne a nan arewa. Tarwaɗa ta fi son ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30. A tsakiyar hunturu, daren Gumel yana sauka ƙasa da 15, ruwan tamfol ya yi sanyi, kifi ya daina ci, ƙanana su yi ta mutuwa. Da bazara kuma baƙin tanki a rana tukunya ne, sai da rumfa. Abin da ya fi dacewa shi ne ki zuba a farkon damina, wajen watan Yuni, ki tari ruwan indararo ya rage miki na saye, ki kwashe a Oktoba ko Nuwamba kafin sanyi ya kankama. Lokacin kaka ne, an sayar da riɗi da zoɓo, kuɗi ya shiga hannun mutane, bukukuwa sun taso. 'Ya'yan kifin kuwa ki saye su da ɗan girma, kamar tsawon yatsa ko fiye, a wurin da za ki iya komawa ki yi magana in sun mutu a hanya. A ɗauko su da asuba. In kina son a duba miki, Jami'ar Tarayya ta Dutse tana da sashen nazarin kifi, kuma tambaya ba ta cin kuɗin buhu guda.

Saura kasuwa, kuma don ita nake so ki je Maigatari ranar Alhamis. Yawancin masu zuwa kara suke nufa, inda raƙuma da shanu da tumaki suke shigowa daga Nijar, manyan motoci suna lodi zuwa kudu. Ke ki bar su, ki nemi masu busasshen kifi. Ki duba girman da aka fi saye, ki ji yadda ake ciniki, ki tambayi daga ina kayan suke zuwa. Da bandar fadamun Haɗeja da Nguru za ki yi gasa, kifin da ba wanda ya saya masa buhun abinci ko ɗaya. Ki lura kuma da yawan mutanen da suka kwana a hanya suna neman abin da za su ci da rana. Mai tukunyar farfesu a irin wannan taro tana iya zama mai sayen kifinki na kowane mako.

Wannan yanki ya daɗe da sanin ciniki. Tun 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa Gumel ya tarar da ita babbar kasuwar kanwa, shekaru kaɗan bayan an dawo da gadon sarauta daga Tumbi. Ya kuma san yadda ciniki ke tsayawa cak. An rufe iyaka a 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disambar 2020. An sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Mai riɗi ya ɗaure buhunsa ya jira. Mai ɗanyen kifi ba ta da wannan damar, don kowace safiya sai sun ci, kuma dillali ya san haka sarai. Zai zo ya leƙa tamfol, ya taɓe baki, ya yi tayin da bai kai kuɗin abinci ba, ya ce zai dawo jibi.

Maganinsa banda. Kifin da aka banɗare da kyau yana yin makonni, kina sayarwa ɗaya-ɗaya daga cikin gida, yara suna kai wa maƙwabta, ba mai matsa miki. Na banda ba sai ya kai kilo ba, a kwashe shi a wata uku yana da giram 300 zuwa 500, kafin cinsa ya yi tsanani, ruwan da za ki saya ma ya ragu sosai. Sai dai ki sani nauyinsa zai koma kusan kashi ɗaya cikin uku bayan ya sha wuta, don haka da ƙwaya za ki yi farashi. Ki sa kuɗin gawayi ko itace a lissafi, don a ƙasar da ake dasa bishiya saboda tare rairayi, makamashi ba ya araha. Rabin duro da waya a kai ya isa murhu.

Kafin ki karɓi kwasar, ki zagaya gida goma a unguwarku ki tambayi matan sau nawa suka sa kifi a miya a watan jiya, na nawa, kuma a wurin wa suka saya. In gida shida sun ce za su saya a hannunki, ki fara da 'ya'ya 100, ki sayi rabin abincinsu ki ajiye a ɗaki tun kafin su iso, kuɗin ragowar kuma ki ba wa uwar adashe ta riƙe miki har wata na uku.