Kore Mairuwa: anzar da ke bisa tudu

Matafiyin da ya taso daga Doso zuwa Dogon Dutsi ba ya rasa yada zango a Kore Mairuwa, cikin Dallol Mawri, inda ruwa ke kusa da ƙasa kuma gawo ya cika gonaki. Amma in ya ɗaga ido zuwa tudun da ke gefen kwarin, wajen jan dutse da fako, zai hangi wani ɗan icce gajere mai kaurin ganye, kore shar ko cikin bazara. Wannan ita ce anza.

Dattawan Arewa sun san ta sani na wuya. A yunwar 1984, da kuma ta 2005, ita ce ta shiga tukunya sa'ad da rumbu ya ƙare. Ƴaƴanta na nuna gab da faɗuwar damina, daidai lokacin da hatsi ya fi tsada a kasuwa. Yara su tsotse zaƙin, mata su tara ƙwayar, wato dilo. Ɗacinsa ba na wasa ba ne: sai an jiƙa shi kwanaki, ana sake ruwa, kafin a dafa shi kamar wake, kuma mai gaggawa yana iya kwantar da iyalinsa. Ganyen ma akan sa shi cikin rumbu don korar ƙwari.

Duk da haka an daɗe ana jin kunyarta, wai abincin matsiyata ce, manomi kuma ya sare ta tun daga tushe. Wannan kuskure ne. A Damagaram, kamfanin Sahara Sahel Foods yana sayen dilo daga matan karkara yana mai da shi gari.

Renonta ba ya son rijiya, haƙuri yake so. Saiwarta na nutsawa ƙasa ƙwarai, shi ya sa dashe bai cika karɓarta ba. Gara a binne sabuwar ƙwaya a inda za ta zauna, da ruwan farko, domin in ta tsufa ba ta tsira. Girmanta na da nawa, sai an shekara da yawa kafin ta haihu. Hanya mafi kusa ita ce sassaben zamani da ya bazu daga Maradi tun 1984: mai gona ya bar kututturen da ya tofo, ya zaɓi rassa biyu ko uku, ya rage sauran, ya hana masu neman makamashi kai musu gatari.