Singafo: Inda Aka Yi Wa Mutum Gida, Aka Yi Wa Ruwa Hanya

Daga filin jirgin sama na Changi zuwa cikin gari, abin da ke fara cika wa baƙo ido shi ne dogayen benaye jere reras, fentinsu fes, itatuwa sun yi musu ƙawanya. Kai ka ce unguwannin masu hannu da shuni ne. Ina! Gidajen gwamnati ne, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na al'ummar Singafo a cikinsu suke kwana suke tashi.

Da ba haka take ba. Sa'ad da aka kafa hukumar gidaje ta HDB a 1960, jama'a na cunkushe ne a ɗakunan katako da langa-langa. A 1961 gobara ta lashe unguwar Bukit Ho Swee, ta raba mutum wajen 16,000 da matsuguninsu. A kan wannan kufai aka tayar da benaye. Daga 1968 kuma aka ba ma'aikaci damar ɗiba daga asusun ajiyarsa na CPF ya biya kuɗin gidan da zai riƙe na shekara 99.

Ni dai ba tsayin ginin ne ya burge ni ba, dabarar da ke cikinsa ce. A yawancin benayen da na shiga, hawan ƙasa babu ɗaki ko ɗaya, ginshiƙai ne kawai, iska na shiga tana fita. Nan tsofaffi ke shan hantsi, nan Musulmin Malay ke shagalin biki, nan 'yan asalin Sin ke zaman makoki. Ka ɗaga kai, ga wanki an shanya a kan sandunan gora ta tagogi. Daga ƙofar bene har tashar bas akwai rumfa, rana ba ta dukanka, ruwa ba ya jiƙa ka.

Batun ruwa kuwa, sai wanda ya je lambun Bishan-Ang Mo Kio. Da can kogin Kallang a ƙaton kwatami na siminti yake gudu. Aka farfasa simintin, aka mayar masa da gaɓa ta ƙasa da ciyawa, aka buɗe wurin a 2012. Ranar da babu hadari, yara na tsallaka shi a kan duwatsu. Idan sama ta tsuge, jiniya ta yi kuka, kowa ya hau tudu, lambun ya shanye ambaliyar da da gidajen mutane za ta nufa. A bakin teku kuma ga madatsar Marina da aka buɗe a 2008: tana tare ruwan gishiri, tana tara na sha, in ya yi yawa a buɗe ƙofofi ko a tayar da famfuna.

'Yan Singafo ma suna da nasu kukan, don farashin gida na hawa, sabbin ma'aurata na jiran shekaru kafin a miƙa musu mukulli. Amma sun riƙe abu guda: tun ran gini tun ran zane. Ba a yanka fili sai an san inda ruwa zai bi da inda iska za ta ratsa. Masu yanka fulotai a garuruwanmu, don Allah a fitar da magudana da wurin itace kafin a sayar da ko taku ɗaya.