Ɗan Damagaram a tsakiyar kogi

Mu mutanen Damagaram ba mu da tsibiri. Abin da Allah Ya ba mu duwatsu ne, da ganuwar Birni, da ƙishirwa. Tun a lakwal aka koya mana cewa ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga Zinder suka kai Yamai a 1926. Har gobe, in bazara ta yi, kowa ya san darajar ɗan ga-ruwa.

Shi ya sa da na samu konje, na shiga bis na yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai, daga nan na wuce Bubon, wajen kilomita 25 bisa hanyar Tilaberi. Garin ya yi suna da tukwane da tulunan da matansa ke ginawa, kasuwarsa na ci ran Laraba. Gabansa, tsakiyar kogin Isa, akwai ɗan tsibiri, abin da Zabarmawa ke kira gungu. Da kwalekwale ake ƙetarawa.

Jama'a, aikina surutu ne. Kullum ina gaban mikro, in na fito tarho na kuka, a gida ma ana jiran in ba da labari. A tsibirin nan ba mota, ba kabu-kabu, ba mai cewa "saura minti biyu". Sai motsin ruwa, kukan tsuntsaye, da masunci na jefa birgi. Mai kwalekwalen ya gargaɗe ni game da dorina: in ka hango kunnuwanta, ka ba ta hanya. Na zauna gindin itace tun hantsi har la'asar ina kallon ruwa na wucewa, ba layin bido, ba mai karɓar ko dala. Wallahi sai da ƙwalla ta zo mini, don na tuna tsohuwata da ke tashi tsakar dare jiran pampo.

Mu kan ce hutu na Nasara ne ko na mai kuɗi. Amma wanda ke sauka da ni da buhun gero bai bar jakinsa ba hutu. Ga hawan jini na kwasar samari, mu kuwa sai mu ce "gajiya ce kawai".

Na san matsalar tsaro a jihar Tilaberi ta sa ba kowa ke iya wannan tafiya yanzu ba. To ga tabkin Gidimuni nan kusa da mu, bisa hanyar Gure, da dabinonsa da garake, wanda aka sa cikin jerin Ramsar a 2019. Ga lambunan Mirya. Yini guda ya isa. Ku kashe tarho, ku ɗauki iyali da tabarma da butar shayi. In kun tashi kuma, ku kwashe ledojinku.

Allah Ya ba ƙasarmu lafiya, Ya ba Damagaram ruwa.